Dami Biyu na Iri

Litinin, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Na iso tungar Baba Sanda. Daga Tasawa zuwa Isawan amalanken shanu na 'yan kasuwa na biyo, daga Isawan kuma na taka da ƙafa, awa uku cikin rairayi da takalmin birni. Ni Sha'aibu, shekara goma sha shida ina riƙe da sitiyari, yau ga ni a bayan bijimi yana kaɗa mini wutsiya a fuska. Na rantse ba zan sake hawa abu mai inji ba, kuma ban hau ba.

Tungar tana nan yadda na bar ta ina saurayi: bukka uku, rumbu ɗaya, gawo biyu. Mutane ne babu. Gwaggo Tanna, ƙanwar Baba, ita kaɗai na tarar da akuya ɗaya. Zara'u, matar Yaya Hamza, iyayenta sun ɗauke ta bayan sadakar arba'in, tana ƙarasa takaba a ƙauyensu wajen Kanan Bakashe. Ta tafi da yara da jaki. Gwaggo ta ce ita ba inda za ta.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sha'aibu na? Wanga ƙiba ce ko kumburi?" Wata uku ke nan ba wanda ya yi mini magana irin ta mutane, kowa sai ya rage murya kamar ni ne gawar. Na ji daɗin zagin har raina.

Kayen nan da nake rubutu ciki, wato littafin makaranta, na Safa ne, ɗiyar Yaya. Shi ya sayo mata a Tasawa ranar da muka yi hatsarin. Sandarmomi, jami'an tsaron hanya, suka miƙo mini shi cikin leda tare da hularsa. Na kasa kai mata.

Talata, 10 ga Mayu, hantsi

Gwaggo ta sa na hau rumbu na leƙa. Ƙasa ƙasa, sai kashin ɓera da ƙaiƙayi. Daminar bara ta yi gardama, ɗan abin da aka samu kuma masu zuwa gaisuwa sun cinye. Wato ni na kawo baƙin da suka cinye shi. Wannan ban faɗa mata ba.

A gefe guda, an ɗora su kan itace don kada su taɓa ƙasa, akwai dami biyu. Zangarniya zaɓaɓɓu, kowace ta kusa kai tsawon hannuna. Irinmu ne, wanda mutanen nan ke kira Ɗan Sanda, don Baba ne ya fara ware shi tun kafin a haife mu. Kowace kaka Yaya yakan bi gona kafin girbi yana zaɓar kan da ya fi cika, ya yanke shi daban, ya ɗaure da igiyar kaba. Ƙullinsa ne a jiki. Na san shi, baki biyu da 'yar wutsiya, irin wanda yake yi wa jaki. Na daɗe a kan rumbun har Gwaggo ta tambaya ko maciji ya kama ni.

Da na sauko ta ce, "Ka gani? Shi ke nan abin da ya rage na ubanka da wanka. In an ci shi an ci su. Ba a cin iri."

Na ce to, mu kuma me za mu ci kafin ruwa?

Ta ɗaga haɓa ta nuna daji. Na juya, ban ga komai ba sai ƙaya da rana. Ta ce, "Ga kasuwa can. Ba ta ci da kuɗi, da ƙahwa take ci."

Alhamis, 12 ga Mayu, azahar

Rijiya tafiyar awa ɗaya ce, gaba talatin kafin guga ya taɓa ruwa. Bido biyu, wato jarka, nake ratayowa a sanda. Kafaɗar hagu da aka ɗaure mini a likita ba ta so, tana faɗa mini tun daga bakin rijiya har gida. Ta yi ta faɗa.

Da safe mun fita ɗibar anza. Ina yaro muna jifan juna da 'ya'yanta, ban taɓa ɗauka abinci ba ce. Gwaggo na gaba da sanda, ina biye da buhu. Tsohuwar da nake tsammanin iska za ta ɗauke ta, ita ce ke tsayawa jirana. Ta san kowane itace kamar maƙwabci. Wancan jiga, ganyenta ake dafawa. Wannan yaɗiya, a tsinki toho a bar uwar. Can gangaren gulbi akwai goriba, ga danya ta fara zubar da nunu.

Anza aiki gare ta. A shanya, a daka a fasa ɓawon, a sheƙe, a fitar da ƙwayar da ake kira dilo. Sai a tafasa, a jiƙa, kullum a zubar da ruwan a sa sabo, har ɗacin ya fita. Na tambaye ta kwana nawa. Ta ce sai ya yarda.

Duk wannan ruwan da za a zubar, a kafaɗata zai zo.

Asabar, 14 ga Mayu, da safe

Na ɗanɗana dilon a ɓoye. Ɗacin ya ragu. Ni dai na ga ya isa, tsohuwa ce kawai da son wahalar da mutum. Na ci tafi biyu.

Lahadi, 15 ga Mayu, la'asar

Allah Ya isa tsakanina da kaina.

Tun jiya da azahar nake safa da marwa tsakanin bukka da bayan gawo. Kaina na juyawa, harshena kamar na lashi batir. Gwaggo ta jiƙa mini kanwa, ta zauna a gefena tana saƙar tabarma har na samu kaina. Sannan ta ce, "Sauri ya haihi nawa. Kai dut abin da aka ce ka jira sai ka ce ya isa."

Ba ta san inda maganar ta sauka ba. Ko ta sani.

Dami biyu suna nan.

Laraba, 18 ga Mayu, almuru

Dilo ya yarda. Ta dafa shi da gishiri da ɗan barkono, ta haɗa da kwaɗon jiga. Ba zan yi wa kayen Safa ƙarya ba, bai kama ƙafar shinkafa da wake na bakin tasha ba. Amma ya zauna a ciki, ya yi nauyi, na tashi na ji ƙafafuna nawa ne. Na side kwanon.

Gwaggo ta yi dariya har da tari. Ta ce shekarar da aka haife ni an yi yunwar da ta fi wannan, wata huɗu Inna ba ta ga ƙwayar gero ba. "Nonon da ka sha dut dilo na. Kai da shi kun san juna, birni ne ya shiga tsakaninku."

Na tambaye ta, a waccan shekarar ma ba a taɓa irin ba? Ta ce Baba ya kwana bakwai yana tsaron rumbu da sanda, kuma ba ɓarawo yake tsaro ba, kansa yake tsaro.

Juma'a, 20 ga Mayu, hantsi

Wandona ya yi mini yawa. Na ɗaure shi da igiyar kaba, da hannuna na tuƙa ta.

Litinin, 23 ga Mayu, bayan azahar

Tun daga nesa na ji ƙarar moto, wato babur. Kafin in san abin da nake yi na tsinci kaina a bayan rumbu. Isiyaku ne, abokin aikina a tasha. Ya kawo burodi huɗu, gwangwanin sardin, sukari da ganyen shayi. Allah Ya saka masa. Da ya gan ni sai da ya ja baya.

"La ilaha! Sha'aibu, mi ya cinye ka? Ina tumbin?"

Na ce na ba anza ajiya.

Bai yi dariya ba. Ya ce mai motocin ya aiko shi, an gyara wata, permi ɗina na tuƙi na nan ba wanda ya taɓa, in koma in karɓi makulli. Ya ce a ɗauki tsohuwar a kai ta Tasawa. "Bon, ka ji ni da kyau. Kowa ya san ba laihinka ba ne. Ƙahwar gaba ce ta hwashe, sandarmomi ma sun rubuta. Mutum da sana'a tai a hannu shina zaune cikin daji shina cin abincin awaki? Ku daka damin can ku sha hura, in ruwa ya zo a sayo iri a kasuwa. Iri dai ai iri ne."

Gwaggo ta ce, "Ɗana, uwa ma ai uwa ce. Je kasuwa ka sayo wata."

Ya miƙe. Na raka shi har wajen moton, ban matsa kusa ba. Na ce ya gode wa mai motocin.

Kowa ya san ƙafar mota ce ta fashe. Kowa bai san abin da Yaya ya ce mini a tasha ba, da ya durƙusa ya shafa ta da tafinsa kafin ya shiga. Ni na sani, na kuma san amsar da na ba shi.

Mun sha shayi har zagaye uku. Burodin kuwa, abin mamaki, na ji shi kamar auduga, ba ya riƙe ciki.

Alhamis, 26 ga Mayu, la'asar

Muna da maƙwabci, Maman Sani, tungarsa na bayan tudu. Shi ma iyalinsa sun watse cin rani, ya rage shi da matarsa. Yana da jaki, yana zuwa kasuwar Kanan Bakashe. Gwaggo ta ba shi tabarma biyu, ni na ba shi igiyoyin da na tuƙa, ya dawo mana da tiya ɗaya ta gero da ɗan gishiri. Ya ce mai sayen igiyar ya tambaya ko makaho ne ya tuƙa. Amma ya saya.

Tiyar nan Gwaggo ke auna ta da ludayi, rabi-rabi, don kunun safe kawai. Sauran yini daji ke ciyar da mu. Yanzu ni ke gaba wajen fita, kuma jiya na gane yaɗiya tun daga nesa ba a nuna mini ba. Na yi murna kamar yaro.

Na tambayi Maman Sani ko ya ga Zara'u. Ya ce mai takaba ba ta zuwa kasuwa. Na san haka. A da in na zo hutu ita ce ke tarbata da tsiya, "ɗan birni" take ce mini, ni in ce mata "matata ta ƙauye". Ranar jana'iza ta wuce ta gabana ba ta ɗago kai ba.

Lahadi, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Ruwa! Hadari ya haɗo daga gabas da azahar, iska ta kwashe mana faifai biyu, aka yi ruwa kamar na shan shayi ɗaya. Ƙasa ta yi ƙamshi. Ina tsaye a tsakar gida ina ihu. Daga kan tudu na hango Maman Sani da matarsa sun riga sun shiga gona.

Na ɗauko sungumin Yaya na nufi rumbu. Gwaggo ta ce in tsaya. Ta kai ni tsakiyar gona ta ce in tona da hannu. Na tona. Yatsa huɗu danshi, ƙasa da nan busasshen rairayi mai zafi.

Ta ce, "Sai danshin sama ya gamu da na ƙasa, ka sa hannu har gwiwar hannu ba ka taɓa bushe ba. Wanga ruwan kashe iri na. Shi tada shi, shi bar shi da rana."

Raina ya ɓaci. Kwana ashirin ina cin ganye, ga ruwa ya zo, ga maƙwabci na shuka, a ce in zauna? Na ɗaga mata murya, Allah Ya yafe mini. Na ce ita ba ta san komai ba sai jira, na ce wani ruwan zai biyo baya, na ce, "Danshin nan zai kai, Gwaggo, wallahi zai kai!"

Sai na ji abin da bakina ya faɗa. Irin amsar da na ba Yaya ce a tasha a kan ƙafar motar.

Za ta kai, Yaya, shiga mu tafi.

Na ajiye sungumin a nan inda nake. Na zauna a ƙasa. Gwaggo ta tsaya a kaina ta kare mini rana da zanenta.

Litinin, 30 ga Mayu, da safe

Dami biyu suna nan. Ƙullin yana nan.

Asabar, 4 ga Yuni, azahar

Ba ruwa. Sama fes. Tiyar gero ta ƙare shekaranjiya, kuma jakin Maman Sani ya yi targaɗe, ba zuwa kasuwa. Akuya ta ɗauke nono.

Gwaggo ba ta fita ba yau, jiya ma haka. Cikinta ya daina karɓar dilo, in ta ci sai ya dawo. Na dafa jiga, ta tauna sau biyu ta ture. Na lura da wuyan hannunta, ya yi kamar kara. Sai yanzu na gane rabin ludayin kunun nan ba rabi da rabi ake raba shi ba. Ni jaki ne, ina sha ina side kwano.

Litinin, 6 ga Yuni, hantsi

Zan rubuta yadda aka yi, ba ragi.

Da sassafe na kira ta ba ta amsa da ƙarfi ba. Na ce wa kaina ran mutum ya fi iri, kuma har yanzu ban ce ƙarya na faɗa ba. Na hau rumbu. Ƙullin na kasa kwance shi, ba don ya yi tauri ba. Sai na zare zangarniya uku ta ƙasa, kamar ɓarawo. Na sa a turmi na fara sussuka a hankali.

Bugu na biyar na ji motsi. Ta rarrafo har bakin bukka, ta dafa ƙyaure.

"Mi kake daka?"

Na ce kunu zan yi mata.

"Da mi?"

Na waiwaya wajen rumbu.

Ta ce, "Sha'aibu, in ka dama shi ba ni sha. In ka ɗura mini in tohar. Yau ukku, gobe biyar, jibi ka kwance dami. Haka ake cinye shi, ba wanda ya taɓa cewa bari in cinye iri."

Na ce to in ta mutu fa? Na ce ba zan ɗauki na biyu ba, Gwaggo, na farko ma ya fi ƙarfina. Karo na farko ke nan da na faɗi haka da baki. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza, a durƙushe, taɓarya a hannu.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Na hwarko Allah Ya ɗauka, ba kai ba. Kai naka shi ne ka ji magana. To ji: ƙulle wanga da ka sussuke cikin tsumma. Ɗauki hauya da ƙwarya. Bayan danyar can akwai masu rumbu."

Talata, 7 ga Yuni, bayan azahar

Gidan tururuwa take nufi. Jiya na yini a can, yau ma na koma.

Ta koya mini daga kwance. A bi layinsu har bakin rami, a haƙa ta gefe ba ta tsakiya ba, a sauka a hankali. Kamu uku na haƙa ban ga komai ba sai cizo. Sun hau ni har cikin wando, na yi rawar da ban taɓa yi a biki ba. Can ƙasa hauya ta faɗa wani ɗan ɗaki, ga shi cike da ƙwaya, tsaf, a bushe, ba ko tsakuwa. Irin ciyawa iri-iri, da komayya, har da geron da suka kwasa daga gonarmu bara. Na yi kabbara ni kaɗai cikin daji.

Ta gargaɗe ni kada in kwashe duka. Ɗaki uku in ka samu, ɗauki biyu ka bar musu ɗaya, ka mai da ƙasa, ka ce su yafe. Na tsaya a kan ramin, ƙato da gemu, ina ba tururuwa haƙuri. Kuma da gaske nake.

Na samu kusan rabin ƙwarya. Na wanke, na daka, na dama kunu da tsamiya. Ta sha ludayi shida ina ƙirgawa, ta yi gyatsa, ta ce tsamiya ta yi yawa. Alhamdu lillahi. Duk abincin da na taɓa saya wa mutum a duniya bai kai wannan ba.

Juma'a, 10 ga Yuni, la'asar

Gwaggo ta zauna da kanta, ta karɓi saƙarta. Na san gidan tururuwa huɗu yanzu, ina zagaya su bi da bi. Bido biyu kuma na daina sauke su a hanya.

Maman Sani ya zo. Shukarsa ta fito kore shar, ta yi kwana shida, rana ta ƙone ta ƙurmus. Duk irinsa ya zuba. Ya zauna tare da mu a inuwa. Da zai tafi Gwaggo ta ce, "In an sussuke namu kana da tiya biyu." Ya rufe fuska da rawani.

Da na bi son raina, da yanzu mu biyu ne ke rufe fuska.

Laraba, 15 ga Yuni, hantsi

Shamuwa ta sauka a kan gawo, guda biyu. Gawon kuma ya fara zubar da ganye. Gwaggo ta duba ta ce, "To, yanzun kwance."

Na sauko da dami biyun daga rumbu. Na zauna da damin farko a cinyata na daɗe ina kallon ƙullin, ina bin sa da yatsa, har na gane inda igiya ta shiga da inda ta fita. Na ja 'yar wutsiyar, ya warware da kansa. Ashe haka yake yinsa, don kada mai kwancewa ya sha wahala. Halinsa ke nan a komai.

Na ɗauki igiyar na gwada a ƙafar turmi. Sau bakwai ina ɓatawa, na takwas ya fito baki biyu da wutsiya.

Mun sussuke, mun sheƙe. Ƙwaya manya, masu ruwan toka. Na kai wa Maman Sani nasa. Ko ɗaya ban jefa a baki ba, kuma na so.

Litinin, 20 ga Yuni, almuru

Tun azahar ake yi, sai yanzu ya tsagaita. Bukkata ta yi yoyo, tabarmata ta jiƙe, akuya ta shigo ta kwanta a kan rigata, ban kore ta ba. Na ruga gona na durƙusa na tura hannu. Wuyan hannu, danshi. Gwiwar hannu, danshi. Na tura har kafaɗa don neman magana, danshi!

Na dawo da laka har kunne na nuna mata. Ta ce, "Ya kai."

Abu ɗaya ke damuna. Shuka ta mutum biyu ce, ɗaya na gaba yana sara da sungumi, ɗaya na biye yana zuba iri yana rufewa da diddige. Gwaggo ba za ta iya layi biyu ba. Ni kaɗai kuwa danshi zai tsere mini kafin in ci rabin gona.

Talata, 21 ga Yuni, bayan la'asar



Na fita da asuba. In sara layi, in dawo in ɗauki ƙwarya in bi shi, in koma in ɗauki sungumi. Na fara da na cikin tsumman nan, zangarniya ukun da na sata. Rana ta ɗaga ina da layi tara kacal, gona kuwa ko gefenta ban ci ba.

Ina cikin sara na ji kukan jaki. Na ɗago. A bakin gona ga jakin gidanmu, Safa da ƙannenta biyu a kai, ga mace tsaye da sabon zane. Zara'u. Ta fita takaba shekaranjiya, ta ga inda hadarin jiya ya sauka, ta taso tun duhu.

Na tsaya da sungumin mijinta a hannu. Na rasa inda zan sa idona. Na shirya magana tun ranar jana'iza, ta kwana fiye da ɗari a bakina.

Ta tako cikin gona. Ta durƙusa a kan ƙwaryar, ta ɗebi irin a tafi, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, ba ni take kallo ba, "Ɗan Sanda ne."

Na ce shi ne.

"An ce mini rumbu ya ƙare tun tuni. Na ɗauka kun ci."

Na ce ba a cin iri.

Ta share ido da bakin zane. Ta miƙe ta ɗora ƙwaryar a kwankwaso, ta dubi layukan da na yi, ta bi su da ido har ƙarshe, ta girgiza kai.

"Ɗan birni, wanga layi ne ko sawun maciji? Da haka kake tuƙin?"

Maganar tuƙin ta soke ni. Ita ma na ga ta ji abin da ta faɗa. Ba ta janye ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta zo ta tsaya a bayana, daidai inda take tsayawa a bayan Yaya shekara goma sha huɗu.

Ta ce, "Wuce gaba. Ina biye."

Na wuce. Ban yi sauri ba. Kowane sara sai na ji diddigenta ya rufe na baya kafin in ɗaga na gaba. Gwaggo ta sa aka kawo ta gindin gawo, tana zaune tana yi mana gyara da baki. Kafin la'asar mun ci kashi biyu cikin uku. Gobe mu ƙarasa in Allah Ya so.

Asabar, 25 ga Yuni, da safe

Ya fito. Layi bayan layi, kore, kamar allura, har inda ido ya tsaya. Tara na farko a karkace suke, Zara'u ta ce a bar su haka don jikoki su gani. An ƙara ruwa shekaranjiya.

Har yanzu dilo muke ci, da sauran wata uku kafin sabon gero. Yaran sun yamutsa fuska ranar farko. Na ce musu da shi aka yi ni, ga ni kuwa.

Saura shafi goma sha ɗaya a kayen nan. Na yanke nawa da reza zan ajiye, sauran na mai shi ne. Na kira Safa na ce babanta ne ya sayo mata, ni na riƙe shi ya daɗe, ta yi haƙuri. Ta karɓa da hannu biyu ta shinshina bangon. Ta ce ya yi sirara, kada shafukan su zube.

Na ce kawo. Wannan shafin ma zan cire, in ɗaure mata sauran da igiyar damin, baki biyu da 'yar wutsiya.